Sawu a Kan Kofato

A shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, har masinjan ofis ya sayi babur yana danna wa tsohon malaminsa ham a hanya, a shekarar ce dajin Gombe ya yi ta cin wuta kamar an aiko ta. Damina ta yi kyau bayan shekarun fari, ciyawa ta fi mutum tsayi, sannan ta bushe ƙayau. Tun da kaka ta shigo ba a yi mako guda ba a ji gobara ba: yau a hanyar Dukku, gobe wajen Kumo, jibi a ce wani ƙauye ya kwana babu rumbu ko ɗaya. Mutanen birni suna jin labari, su ce Allah Ya kyauta, su ci gaba da cinikinsu.

Ran da ta zo musu ƙofar gida, da hantsi ta tashi daga gabas da gari. Kafin la'asar ta lashe gonakin audugar mutanen Kumbiya-Kumbiya, ta cinye dawar da aka tara ba a kai ga sussuka ba, ta gasa awaki a turke. Da ta lafa aka shiga duba ɓarna, sai aka tarar da gawar tsohuwa Yelwa a bakin bukkar gonarta, da buhun auduga rabi a kusa da ita.

Asarar dukiya ana iya haɗiye ta da ruwan sanyi. Rai kuwa sai an nemo wanda za a ɗora wa. Ba a dawo daga maƙabarta ba sai da sunan Bakari ya zaga unguwa. Bakari makiyayi ne, rugarsu tana bayan wani kwari mai yashi, can inda kowa ya ga hayaƙin farko. Kowa kuma ya san makiyaya sukan ƙone tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tofo. Ɗan marigayiyar guda ɗaya tilo, Rufa'i, dillali a karar shanu, shi ya ja samari zuwa kwarin ya nuna musu sawun shanu da na takalmin roba irin na Fulani, daidai inda toka ta fara. Biri ya yi kama da mutum. Da mai unguwa bai yi saurin sa an ɗauko Bakari an kulle a zaurensa ba, da ranar an yi jana'iza biyu. Samari suka yi rantsuwa cewa in ba a miƙa shi ba, rugar ma za ta ɗanɗana abin da gonaki suka ɗanɗana.

Sai mai unguwa ya aika a kira Bawa.

Bawa tsohon maharbi ne da ya daɗe yana bin sawun ɓarayi wa 'yan dokan En'e. Gajere ne, mai ƙarancin magana, kullum kansa a sunkuye, har ana tsokanarsa cewa bai san fuskar matarsa ba, ƙafarta ya sani. Yelwa yayarsa ce ciki ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta yi masa aure, kuma shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Saboda haka jama'a suka ɗauka magana ta ƙare, Bawa zai je ya buga hatimi a kan abin da aka riga aka yanke.

Ya ce wa mai unguwa, "Zan nemo wanda ya kashe Yaya, ko ɗan wane ne. Amma kada a taɓa rugar nan sai na dawo."

Rufa'i, idanunsa jajur, ya ce, "Kawu, me ya rage a nema? Ga mutum a ɗaki."

Bawa ya ce, "Mutum na ɗaki, gaskiya na daji. Bari in je in gaishe ta."

*

Wuta ma tana da sawu, ga wanda ya iya karatunsa. Bawa ya bi kututturan ciyawa yana duba inda suka sunkuya, ya duba gefen da itatuwa suka fi baƙi, yana tafiya yana komawa baya da labarin, har ya iso gaɓar kwarin. Nan aka kunna ta, kuma ba wuri ɗaya ba. An bi gaɓar ana ɗosana wuta a jere, kamar mai shuka. Wannan ba tartsatsi ba ne, ba kuma guntun sigari ba. Aikin hannu ne.

Ya gangara cikin kwarin, inda babu abin da wuta za ta ci. Samari sun tattake rabin wurin, ya yi musu tsaki, ya matsa gaba inda ƙafarsu ba ta kai ba. Ga sawun shanu biyar, ɗaya da ɓallin kofato a ƙafar baya ta hagu. Ga sawun mutum ɗaya. Takalmin sabo ne fil, bai riga ya koyi ƙafar mai shi ba, don haka bai gaya wa Bawa komai ba. Ya bi su har inda kwarin ya fita kan titin kwalta, hanyar da shanun kasuwa ke bi ɗari-ɗari, nan sawun ya narke cikin 'yan'uwansa. Ya dawo gida ransa a ɓace, don abin da ya gani bai wanke Bakari ba ko kaɗan.

*

Duk da haka bai yarda ya tsaya kan mutum ɗaya ba. Wasu sun ce sun ga Timoti mai zuma da bakin wuta a dajin. Bawa ya same shi zaune gindin wata ɗorawa da ta ƙone, yana kallon amyoyinsa da suka zama gawayi. Timoti Batangale ne mai saurin fushi, bai bari an gama tambaya ba ya ce shi fa tun kakansa ake cin zuma a gidansu, kuma mahaukaci ne kaɗai ke taɓa amya da rana tsaka. Ya nuna saman itacen ya ce a je a tambayi ƙudan, in an samu mai rai. Bawa ya yi masa jaje ya wuce.

Na biyu shi ne Ɗantala, maƙwabcin Bawa, wanda bai taɓa ganin ramin gafiya ya wuce ba. Tun kafin a yi masa sallama ya fara rantsuwa, abin da ya sa Bawa ya zauna sosai. Da aka matsa, sai ya amsa cewa e, ya tura wa wata gafiya hayaƙi, amma a yamma da gari ne, kuma kwana biyu kafin gobarar. Gafiyar ma ta fita ta ɗaya ramin ta bar shi da tari. Bawa ya sa shi a gaba har wurin, ya ga ramin, ya ga 'yar tokar da ba ta fi faifai ba. Ya ce masa ya je, amma in ya sake ganinsa da ashana a daji sai ya tura shi cikin ramin da kansa.

Na uku ba mutum ba ne, jirgin ƙasa ne, don akwai masu cewa tartsatsinsa ne. Cornelius, ma'aikacin tashar da ke kula da lodi, ya yi dariyar takaici. Ya ce jirgi bai wuce ba ranar, kuma tun ranar bai zo ba, domin wutar ta cinye katakan layin dogo a wajen gari, ana can ana gyara. Shi abin da ya dame shi ma dillalan shanu ne. Nama ya yi tsada a Kudu, kowa na son tarago, ga shanu jibge a kara suna jiran jirgin da bai da hanya.

Ya ce, "Har ɗanka Rufa'i, Baba. Da sassafe ranar gobarar ya zo ya kama wuri. Yanzu ga makoki, ga shanu na ramewa. Allah Ya ba shi haƙuri."

Bawa ya ce amin. Maganar ta shiga kunnensa ta samu wuri ta kwanta, bai tashe ta ba.

*

Bakari dogo ne siriri, yana zaune a zauren mai unguwa kamar wanda ya zo gaisuwa, ko da yake leɓensa a fashe yake. Fulani ba su iya roƙo ba, kuma wannan ya ƙara ja masa, don jama'a sun ɗauki shirunsa taurin kai. Ya ce ranar ya kai garke shan ruwa nesa, ya bar shanu biyar masu rauni a inuwar kwarin, cikinsu har da Wule, saniyar da ya gada daga uwarsa, wadda ya bar ɗan maraƙinta ɗaure a ruga. Da ya dawo, babu su. Ya faɗa tun farko, aka ce ƙarya yake, ya ɓoye su ne ko wutarsa ta cinye su.

Bawa ya tambaye shi ko Wule na da ɓallin kofato. Bakari ya ɗago kai karo na farko, ya ce ƙafar baya ta hagu.

Sannan ya ce, "Bappa, ni na san lokacin ƙuna. Sai an ji ƙamshin ruwa ake yi. Wa zai ƙone abincin shanunsa rani bai ko raba ba?"

Magana ce mai ma'ana, amma Bawa ya san ba za ta hana samari ɗaukar ashana ba. Shanun Bakari ne, takalmin irin nasa ne. Yana fita ya tarar da samarin tsaye a ƙofa, wani ya ce a ji, wai tsufa ya sa Bawa ya manta nonon da yayarsa ta dama masa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Ya ratsa su ya wuce, ya dai ƙudurta a ransa cewa ko zai mutu a dajin nan sai ya fito da zaren.

*

Washegari da sanyin safiya ya isa rugar. Mata sun ɗaure kaya, suna jiran abin da zai faru. Mairamu matar Bakari ta kawo masa nono a ƙwarya, ta nuna masa maraƙin Wule da ya ƙi shan komai, haƙarƙarinsa duk a waje. Suna cikin haka Jumma, ƙanen Bakari, ya tashi fita da garke. Ya saɓa sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kanta, ya yi wani ɗan kira a maƙogwaro, ya kama hanya bai ko waiwaya ba. Shanun suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka bi shi.

Bawa, bisa al'adarsa, ƙasa yake kallo. Da garken ya wuce ya nemi sawun Jumma, ya rasa. Ko ɗaya babu, kofatai sun shafe shi tas.

Ya ajiye ƙwaryar a hankali. Ya tambayi Mairamu ko Bakari ya taɓa bin shanunsa a baya. Duk da halin da take ciki sai da ta yi murmushi, ta ce sai ka ce ɗan kasuwa? Wanda shanu suka sani gaba yake shiga. Baƙo ne ke kora.

Tsohon nan da gudu-gudu ya koma kwarin. Ya durƙusa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, abin da ya kalla jiya bai gani ba: kowane sawun takalmi a kan kofato yake, babu inda kofato ya hau kan takalmi. Har wani wuri mutumin ya taka kashin saniya ɗanye. Ga inda shanun suka yi ta karkacewa suna son komawa ruga, ga inda ya sha gabansu da sanda. Ba mai shanu ba ne ya bi kwarin nan. Ɓarawo ne ya koro su, ya cinna wuta a gaɓa don ta cinye sawunsa daga inuwar da ya ɗebe su, ya manta cewa yashi ba ya ci.

To, ina ɓarawon shanu zai kai su a wannan shekara? Maganar Cornelius ta farka a kunnensa, ya so ta koma barci, ta ƙi.

A kara ya yi kamar mai taya saniya, kansa a ƙasa, yana zaga shingayen dillalai. Bai daɗe ba ya ga ɓallin kofaton a jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin kwamin ruwa. Ya bi shi zuwa wani shinge da aka kewaye da zana sabuwa, sama da tsayin mutum. Ba sai ya tambayi ko na wane ne ba. Ya tsaya nan yana tuna ranar da aka haifi Rufa'i, shi ya yanka ragon suna.

*

Bawa ya sami Rufa'i a gidan makoki, ya ja shi ɗakin Yelwa. Mazarinta na nan a cikin ƙoƙo, da alli, da zaren da ba ta gama kaɗi ba. Bawa ya ce masa ya zauna.

"Rufa'i, ni ne uwarka yanzu, ni ne ubanka. Akwai abin da kake so ka gaya mini?"

Rufa'i ya kalli ƙoƙon, ya kalli ƙofa. Ya ce babu, sai dai a gaggauta miƙa Bafulatanin, don samari sun ce haƙurinsu ya ƙare.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bawa ya juya karin maganar nan a ransa ta kowace fuska. Da ya yi shiru, babu mai sani, jirgi zai zo ya kwashe shaida zuwa Kudu. Amma sai a ɗaure Bakari, a ƙone ruga da mata da yara, kuma shi ya yi alkawari a gaban mai unguwa, bai ce ban da ɗan wane ba. Ya tashi ya tafi wurin mai unguwa.

*

Da la'asar aka taru a filin kara. Ga mai unguwa da ɗan sanda guda, ga Bakari, ga Timoti yana huci, ga Ɗantala yana ta rantsuwa ba a tambaye shi ba, ga Cornelius da hular aikinsa. Samari sun yi da'ira, Rufa'i na gabansu. Jumma ya kawo shanu kaɗan daga ruga kamar yadda Bawa ya nema, Mairamu na biye da maraƙin a igiya.

Bawa ya sallami Timoti da Ɗantala da jirgin ƙasa cikin 'yan kalmomi. Sannan ya sa aka share fili da tsintsiya, ya ce wa Bakari ya ƙetara da shanunsa. Bakari ya shiga gaba, suka bi shi. Bawa ya ce duk mai ido ya zo ya nuna masa sawun mutum. Aka sunkuya, aka duba, babu.

Ya sa aka sake sharewa, ya ce cikin masu korar shanun kara wani ya maido su. Wani ya fito da sanda, ya koma bayansu yana tsawa. Wannan karon sawunsa ya fito reras a kan kofatai.

Bawa ya ce, "Kun je kwari kun gani da idonku. Wanne kuka gani a cikin biyun nan?"

Aka kalli juna. Wani daga cikin samarin ya ce a hankali, na biyu.

Rufa'i ya ce wannan ba hujja ba ce, mutum in yana sauri yana iya kora. Muryarsa ta yi sama fiye da yadda maganar ke bukata. Bawa bai dube shi ba. Ya juya ga Bakari ya ce, "Kira saniyarka."

Bakari ya ɗaga kai ya yi kiran, dogo, mai karyewa a ƙarshe. Maraƙin ya amsa da 'yar muryarsa. Sai daga bayan sabuwar zanar nan wata saniya ta yi kuka, ta sake yi, zanar ta girgiza, ƙaho ya huda ta. Wule ta fito da guntun igiya a wuya, ta ratsa taron mutane ba ta kula kowa ba, ta tsaya kan ɗanta tana lasa. Sauran huɗun suka biyo ta ɓarakar.

Babu wanda ya tambayi shingen wane ne, kowa a kara ya sani. Cornelius ya cire hularsa. Samarin da ke bayan Rufa'i suka ja da baya kaɗan-kaɗan har ya rage shi kaɗai.

Ya durƙushe. Da farko abin da yake faɗa ba ya fita, wai babur, wai kowa ya yi sai shi, wai gaɓar kawai ya so ta ci, iska ce ta juya. Daga baya ya kama ƙafar Bawa.

"Kawu, wallahi ta ce mini ba za ta gona ba ranar. Na tambaye ta da safe, ta ce ba za ta ba."

Bawa ya ce, "Ɓoye maka ta yi. Audugar ƙarshe ta je tsinka, za ta kaɗa a saƙa maka rigar Salla. Na ce mata yaran yanzu shadda suke sawa, ta ce kai za ka sa."

Kukan da Rufa'i ya yi, har Mairamu sai da ta kau da kai. Mai unguwa ya dafa kafaɗar Bakari ya ba shi haƙuri a gaban jama'a, ya ce duk wanda ya kusanci rugar da shi yake yi. Bakari ya tsuguna yana duba kofaton saniyarsa.

Waɗanda ɗazu suke bayan Rufa'i su suka fara neman duwatsu. Ɗan sandan ya zaro ankwa, ya kama wuyan rigarsa zai tura shi gaba. Bawa ya riƙe masa hannu.

Ya ce, "Kada ka kora shi. Ya san ni."

Ya juya ya kama hanyar caji ofis, kansa a sunkuye kamar kullum, bai waiwaya ba. Taron ya dare. Rufa'i ya tashi, ya share fuska da hannun riga, ya bi bayan kawunsa.